Ruwan Wankan Jego a Gindin Kukata

A Kuala Lumpur babu rani. Ana ruwa a watan Janairu, ana yi a Yuli, ana yi har a ranar da masu hasashen yanayi suka ce ba za a yi ba. Da la'asar hadari yakan haɗu, a yi tsawa, a sheƙa ruwa, kafin magariba titi ya bushe yana turiri. Itatuwan ƙasar ba su san hutu ba, shekara takan zagayo ta same su kore shar. Bishiyar kuka tamu ta gida ba haka aka halicce ta ba. Wajibi ne ta sami watannin da ko ɗigon ruwa ba zai taɓa saiwarta ba, ta zubar da ganye, ta tsaya tsirara kamar matacciya, tana rayuwa da ruwan da ta tara a cikinta. Idan aka shayar da ita a wannan lokaci, ruɓewa take yi daga ƙasa.

Ni mutumin Filato ne, ina koyar da ilimin ƙididdiga a wata jami'a da ke Lembah Pantai, ina kuma zaune ni kaɗai a hawa na sha ɗaya na wani bene a Pantai Dalam, domin iyalina suna gida. A shekarun farko na zamana na koyi renon bonsai, wato raya babbar bishiya a cikin tasa marar zurfi, ana datse rassanta da saiwarta har ta tsufa da siffar uwarta alhali tsawonta bai wuce kamu biyu ko uku ba. Ina da ɓaure da tsamiya a barandata, kuma dukansu ruwan ƙasar nan ya karɓe su. Amma kukar daban take. Ƙanwata ce ta aiko mini da ƙullin kayan miya, a ciki ta sa 'ya'yan kukar da ke bayan gidan mahaifinmu. Na kankare ƙwayoyin, na jiƙa su a ruwan zafi, na shuka, guda ɗaya ta rayu. Bayan wasu shekaru aka sare uwar sa'ad da ake faɗaɗa hanya. Saboda haka abin da ya rage na wannan bishiya a duniya shi ne wanda ke cikin tasata.

Tun da ƙasar ba ta da lokutanmu, ni nake yi wa kukar nata lokutan da hannuna, bisa kalandar gida. A watan Afrilu nakan buɗe mata damina: in fito da ita baranda, in fara ba ta ruwa kaɗan-kaɗan, har idanun rassan su kumbura su fashe. Idan sabon toho ya yi tsawo sai in bi shi da almakashi, in bar ganye biyu a kowane reshe, in naɗa wayar tagulla a waɗanda suka miƙe sama in lanƙwaso su, domin tsohuwar kuka gefe take buɗe hannuwanta. Da kaka nakan rage ruwan har ganyen ya yi rawaya. A watan Nuwamba, daidai lokacin da ruwan Kuala Lumpur ya fi ƙarfi, sai in ɗauke ta daga baranda saboda feshi, in kai ta ƙarshen farfajiyar da ke gaban ƙofofinmu, inda rufi ya tsare ruwa kuma hantsi yake shigowa. Can take yin raninta. Kowane yanka da kowace shayarwa ina rubuta su a littafi da kwanan wata, kamar yadda nake rubuta sakamakon ɗalibaina. Fiye da shekara goma muka yi a haka, gangar jikinta ta yi kaurin damtsena, ba ta taɓa ciwo ba.

Maƙwabcina na ƙofa da ƙofa wani matashi ne daga kudancin Kaduna, yana karatun digiri na uku, kuma coci ɗaya muke zuwa. Ni na samo masa gidan. A wani Nuwamba matarsa ta haifi ɗa namiji, mahaifiyarta ta taso daga gida domin yi mata wankan jego. Washegarin isowarta na fita gaishe ta, na same ta a farfajiya ta sunkuya a kan tasar kukar, hannuwanta a baya.

Na ce, "Sannu da zuwa, Mama. Yaya gajiyar hanya?"

"Gajiya ta bi lafiya. Kai ne Daktan? To, Dakta, wannan mene ne ka kafa a kwano?"

"Kuka ce, Mama."

"Kukar miya?" Ta ƙara sunkuyawa. "Shekararta nawa?"

"Ta haura goma."

"Ta haura goma, ba ta kai gwiwata ba? Wa ya yi mata baki?"

Na bayyana mata cewa ni nake datse ta da gangan, na kuma yi mata bayanin rani da damina dalla-dalla, cikin ladabi, kamar yadda ya dace a yi wa uwa. Ta saurara tana taɓa wayar da ke rassan da ɗan yatsa, sannan ta tura yatsan cikin ƙasar.

"Ƙamas! Namiji da furfurarsa ya zauna yana yi wa itace kitso da waya, ya kuma hana shi ruwa. A garinmu dai Allah ke kawo rani, ban taɓa jin mutum ya kawo shi ba."

Na yi murmushi, na roƙe ta kada kowa ya zuba wa tasar komai har Afrilu. Ta ce ta ji.

Ba a daɗe ba na lura ƙasar ta yi duhu. Na taɓa, na ji danshi da ɗumi, na sunsuna, na ji ƙamshin sabulun jarirai da ɗacin ganyen darbejiya. Washegari na ƙi fita aiki da wuri, na tsaya a bakin ƙofa. Sai ga ta da bokiti yana hayaƙi, ta wuce ni da gaisuwa, ta je ta tuttula shi a gindin kukar har ya cika tasar ya malala.

"Mama, ai na roƙe ki!"

"Ka roƙe ni kada a shayar da ita. Ni ba shayar da ita nake yi ba, ruwan wanka nake zubarwa."

"Akwai magudana a banɗaki."

Ta ajiye bokitin, ta dube ni sama da ƙasa. "Ruwan jego a masai? Haka aka yi wa uwarka? A ƙasa ake zuba shi. To, nuna mini wata ƙasar a wannan gida naku da aka rataye a sama."

Na nuna mata tukwanen furannin wata 'yar Sin da ke ɗaya ƙarshen farfajiyar, waɗanda kullum ruwa suke nema.

"Waɗancan ban san su ba, ban san mai su ba. Wannan ta gida ce."

Ban ɗaga murya ba, domin ba tarbiyyata ba ce in yi musu da tsohuwa. Da yamma na kira surukinta zuwa shagon mamak da ke ƙasan bene, inda ake shan shayi, na shimfiɗa masa maganar. Ya riƙa juya cokali a kofi, bai dube ni ba.

"Dakta, surukata ce fa. Ko zama a ɗaki ɗaya da ita ba na iya yi, balle in ce mata bari."

"To, ka gaya wa matarka ta gaya mata."

"Jego take yi, jininta ma ya hau. Ka yi haƙuri dai, ɗan ruwa ne kawai."

"Bokiti ne, kuma mai zafi, kuma da sabulu."

"Itatuwa ai suna son ruwa, Dakta."

Mutumin da ke rubuta kundin digiri na uku ne ya faɗa mini wannan, bayan na gama yi masa bayani. A nan na fahimci cewa kunyar suruka ta fi masa nauyi a kan haƙƙin maƙwabci, kuma ya riga ya zaɓi wanda zai ɓata wa rai.

Na yanke shawarar in shigar da tasar cikin ɗakina, ko da hasken bai isa ba. Da safe na sunkuya na tallafe ta, ban kai ga miƙewa ba na ji ihu a bayana.

"Ajiye! Ajiye ta nan! Cibiyar jikana na ciki!"

Na ajiye, na juyo. Ta ce asibiti sun hana su mabiyiya, abin da bai taɓa faruwa a zuriyarsu ba. Da cibiyar yaron ta faɗi, ta rantse ba za a jefa ta a kwandon shara a ƙasar mutane ba. Ta ƙulle ta a tsumma, ta tona gindin kukata da cokali, ta binne. Inda aka binne cibiya kuwa, a nan ake zuba ruwan wanka, kuma ba a taɓa wurin sai an yi arba'in.

Na ce, "Mama, da izinin wa?"

"Izini? Wajen wa ake neman izinin gindin kuka?"

Ta zauna daɓas a ƙasa kusa da tasar, ta dafa ta da hannu biyu, tana ɗaga murya. Ƙofofi suka fara buɗewa. Duk baƙin fatar da ya zauna a irin waɗannan gidaje ya san abin da hayaniya a farfajiya take jawowa: ƙorafi a ofishin masu kula da bene, kuma ba a kan mutum ɗaya yake tsayawa ba, dukanmu ake haɗawa. Na koma ɗaki na rufe ƙofa.

Ranar Lahadi bayan sujada, dattijon ikilisiyarmu ya ce in tsaya. Ashe an riga ni kai ƙara. Muka zauna a bayan ɗakin sujada, shi da ni da maƙwabcina, wanda kansa ke sunkuye. Na zo da littafina na shekara da shekaru domin in nuna cewa ba son zuciya ba ne, tsari ne. Dattijon ya ɗora hannu a kan bangon littafin, bai buɗe ba.

"Ɗan'uwa, mu masu bi ne, ba mu ce akwai wani iko a cibiya ba. Amma tsohuwa ce, baƙuwa ce, ta ƙetare teku domin 'yarta. Kai kuma babba ne a cikinmu. Itace ne fa."

"Baba, itacen nawa ne. Kuma zai mutu."

"Kuka? Kukar da ake sassaƙe ɓawonta a yi igiya ta warke? Haba, Dakta. Ka bari a yi arba'in. Zan sa a gaya mata ta rage ruwan, moɗa ɗaya ta isa."

Na ce masa kukar da ke daji saiwarta tana da faɗin gona da za ta tsere wa ruwa, tawa kuwa tafin hannu biyu gare ta. Ya yi dariya, ya ce ilimi ya yi mini yawa, ya nemi in ba shi alkawari a matsayina na ɗan ikilisiya. Na ba shi. Ban taɓa saɓa alkawari ba, kuma da wannan hali nawa suka ɗaure ni, sun kuwa san da haka.

Moɗar da Mama ta samo wani kofin roba ne mai hannu, wanda kaɗan ya rage ya kai rabin bokiti. Kowace safiya ina jin buɗe ƙofarsu, ina jin takunta, ina jin zubar ruwan. Idan na fito sai ta gaishe ni da fara'a.

"Dakta, an tashi lafiya? Yaya 'yar taka mai kitso?"

"Lafiya, Mama," nake cewa, in wuce.

Ɗumin ruwan ya ruɗi bishiyar, ta ɗauka damina ce, ta fitar da toho a tsakiyar raninta. Ranar da Mama ta gani har tafi ta yi, ta kira 'yarta ta leƙo da jariri a kafaɗa.

"Zo ki ga ikon Allah! Wadda likitan itace ya ce za ta mutu, ga ta tana dariya. Dakta, in ta ƙara ganye ka ba mu na miya."

Na san ganyen da bishiya ke fitarwa da ragowar ƙarfinta. Na durƙusa na danna gindin da babban yatsa, ya lotsa kamar gwanda nunanniya. Na koma wurin dattijon na gaya masa. Ya ce saura ƙiris, in daure. Tohon ya yi laushi, ya rataya, ya yi baƙi. Sannan wari ya fara tashi, irin na rogon da ya kwana a ruwa. Mama ta ce warin magudanar bene ne.

Ranar da suka yi arba'in, aka yi girki, 'yan coci suka cika gidansu, aka aiko mini da tuwo da miyar taushe a kwano. Na mayar da shi yadda ya zo. Washegari da hantsi na shimfiɗa jarida a falona, na ɗauko tasar, na zare bishiyar. Ba sai da na ja ba, da kanta ta fito, domin babu saiwar da ta rage ta riƙe ƙasa. Uwar saiwar, wadda na yi shekaru ina gyara ta har ta baje kamar yatsun kaza, ta zama ɓawo cike da ruwa mai yauƙi. Na wasa wuƙa, na goge ta da barasar asibiti, na fara yanka daga ƙasa ina neman farin itace. Kowane yanka launin ƙasa-ƙasa yake nuna mini. Na haura gindi, na haura cikin da ya yi kaurin damtse, na wuce tabon da na yi mata a shekararta ta uku sa'ad da na datse kanta domin ta yi rassa. Ruɓar ta bi tsakiya har mararrabar rassan. Reshe ɗaya ne kawai, na can sama wajen hagu, ya nuna fari tas. Kaurinsa bai wuce ɗan yatsa ba.

Na shafa masa toka a bakin yankan, na ajiye shi a inuwa ya bushe. Sannan na tankaɗe ƙasar tasar a hankali, har na sami ƙullin tsumman. Ban kwance shi ba. Na sa shi a kwano mai tsabta tare da ƙasar da ke kewaye da shi, na rufe da farin ƙyalle, na ƙwanƙwasa ƙofarsu. Maƙwabcina ne ya buɗe, Mama tana bayansa.

Na ce, "Ga ajiyarku. An yi arba'in, na cika alkawarina. Bishiyar ta mutu."

Mama ta ɗaga ƙyallen, ta saki, ta dafe ƙirji. "Ka tone jikana? Ka tone shi ka kawo mini a kwano kamar cefane?"

"Ban zubar ba, Mama. Da hannu biyu na kawo."

"Kai ka kashe ta! Shekara goma kana yi mata horon yunwa, kana ɗaure ta da waya kamar ɓarauniya. Ruwana ne ma ya sa ta ga ganye kafin ta tafi."

Maƙwabcina ya fito ya ja ƙofar a bayansa, ya rage murya. "Dakta, don Allah. Akwai masu sayar da irin waɗannan a hanyar Sri Petaling, zan saya maka wata, har wadda ta fi ta kyau."

"Ta bayan gidan ubana za ka sayo?"

Na jira ko zai ce sun yi kuskure. Kalma ɗaya nake nema, ba ta fito ba, kuma har yau ba ta fito ba.

Abin da ya fito shi ne saƙo daga dattijon, cewa kai ƙullin a kwano cin fuska ne, ya kamata in je in ba tsohuwa haƙuri domin zaman lafiyar ikilisiya. Na rubuta masa amsa a takarda, na jera abin da ya faru bi da bi, na ce a nuna mini inda na yi laifi, zan durƙusa a gaban kowa. Bai amsa takardar ba. Matan zumuntar coci suka daina tambayata lafiyar iyali. Na ji an ce wai na fifita itace a kan ɗan mutum. Ban fifita ba. Yaron lafiyarsa ƙalau tun ranar da aka haife shi, babu abin da ya same shi sa'ad da cibiyarsa take cikin tasata, babu kuma abin da ya same shi da ta fita. Abu ɗaya ne ya mutu a wannan farfajiya, kuma nawa ne. Ina zuwa sujada kamar kullum, sai dai na koma bencin baya.

Reshen ya yi makonni a kan kabad har bakinsa ya ƙeƙashe. Na kafa shi a tsakuwa da gawayi, ban ba shi ruwa ba sai da Afrilu ya kama, lokacin Mama ta riga ta koma gida ba tare da mun yi sallama ba. Ya daɗe bai motsa ba, har na fara cire rai, sannan wata safiya na ga ido ɗaya ya kumbura. Ya kama. Amma sanda ce, ba bishiya ba. Babu gindi, babu tabo, babu rassan da na lanƙwasa ɗaya bayan ɗaya. Kafin ya yi kaurin da uwarsa ta yi, na daɗe da barin aiki, wataƙila na bar ƙasar, kuma ban san ko za a bar ni in ƙetare da shi ba.

Kwanan baya matar maƙwabcina ta tare ni a gaban lif ɗin hawa bene, tana murmushin neman shiri.

"Baba, Mama ta bugo waya tana gaishe ka. Ta ji an ce reshe ya tsira. Ta ce in ɗauko mata hoton itacen yaron."

Na ce, "Ki gaishe ta. Ki kuma gaya mata yaron ba shi da itace a gidana."

Nuwamba ya sake zagayowa, ana ta tsawa kowace la'asar. Na yanke wa reshen ruwa, ganyensa biyar sun yi rawaya sun zube. Ƙarshen farfajiya ya fi ko'ina dacewa da raninsa, ga hantsi, ga iska, amma ban kai shi can ba. Yana kan tebur a bakin tagar ɗakin kwanana, inda haske bai wadata ba, kuma idan zan fita aiki nakan kulle ƙofar ɗakin, sannan in kulle ta waje.